Dutsen da Remaye Suka Bari

Talatu mai itace ce ta fara ganinsa, da hantsin Lahadi. Ihun da ta kurma daga kan dutse sai da ya sauko har Barikin Tsamiya, tsohon barikin 'yan kuza da ke bayan Farin Gada. Kafin Hammajoda ya ja tsofaffin ƙafafunsa ya hau, rabin bariki ya riga shi zuwa. Maza da mata har da masu goyo, kowa ya zo ganin abin ba da labari, kowa kuma ya ɗora sawunsa a kan sawun da ake nema. Shekara arba'in Hammajoda ya yi yana bin sawun shanun sata, bai taɓa haɗuwa da ɓarawon da ya kai 'yan kallo iya ɓatar da sawu ba.

Yau kuwa ba saniya ba ce. Jikansa ne, Shu'aibu, ɗan shekara goma, ɗa ɗaya tilo ga 'yarsa Jummare. Tun la'asar ɗin jiya ake nemansa, shi kuma kakan yana can wajen Toro a bayan bijimin wani, sai da safen nan ya dawo.

Kufai ake kiran wurin. Gari ne da ya mutu tun ba a san Bature ba, wasu na cewa tun kafin a kafa garuruwan da ke da sarakuna yanzu. Abin da ya rage sai da'irorin duwatsu inda ɗakuna suka tsaya, da ramukan niƙa a kan fa, da shingen kerana da ya girma ya fi mutum tsawo. A tsakiya akwai wani dogon dutse da tsoho Badung ke zuwa yi wa kakanninsa yanka. A gindin wannan dutsen yaron yake kwance, ga busasshen jini da gashin kaza a kusa da shi.

"Ga shi nan, me kuma ake jira?" in ji Gwadabe, uban yaron, muryarsa har ta dushe. "Tsohon nan ne! Ya sha korar yara daga nan, kowa ya sani. Ya ba dutsensa ɗana!"

Hammajoda bai dubi surukinsa ba. Ya durƙusa. Wuyan yaron a karye yake, babu yanka ko ɗaya a jikinsa. Riga da wando sun yi kaca-kaca da farar laka, har cikin farcensa, alhali ƙasar Kufai baƙa ce. Fuskar kuwa tas take, an goge ta, an rufe idanun. An kwantar da shi a kan damarsa, fuskarsa na duban gabas, an jera takalmansa na roba a gefen kansa kamar na mai shiga masallaci.

Ya daɗe yana kallon takalman nan. Zuciyarsa ta ce masa wani abu, ya ce mata ta yi shiru tukuna.

*

Kafin azahar an binne Shu'aibu. Kafin a dawo daga maƙabarta samari sun cinna wa bukkar Badung wuta, da ɗan rumbun accarsa. Da ba don mai unguwa ya riga su janye tsohon ya kulle a zaurensa ba, da shi ma ya bi bukkar. An aika Jos a kira 'yan sanda, aka ce sai gobe Litinin. Samarin suka ce su ba su san gobe ba, in an sallame la'asar za su ɓalle ƙofa. Mutanen da suka shekara talatin suna sayen zuma da kaji a hannun tsohon nan, yau kowa ya tuna cewa dama shi bai taɓa yarda da idonsa ba.

Mai unguwa ya bar Hammajoda ya shiga. Badung na zaune a ƙasa, goshinsa a fashe.

"Kai ma ka zo ka buge ni?" ya tambaya da Hausarsa ta 'yan dutse.

"Tambaya na zo yi. Jinin da ke gindin dutse fa?"

"Kaza ne. Ran Alhamis na yanka. Ka je ka shinshina, kai da ka san jini."

"An ce kana korar yara."

"Ina kora. Suna hawa kan katanga, dutse yana faɗuwa. Amma wannan naka, shi ba na kora sosai. Yana tambaya na, Baba wane ne ya kwana a ɗakin nan, Baba me ya sa suka tafi. Yaran gidana ma ba su tambaya." Ya share hanci da bayan hannu. "Hammajoda, in ni na kashe yaro, zan ajiye shi a ƙofar kakana?"

Hammajoda ya ce, "Ku in mutum ya mutu, ina kuke juya fuskarsa?"

Tsohon ya dube shi da mamaki. Ya nuna da haɓa can wajen tsaunukan da suke cewa daga nan suka fito. Ba gabas ba ne.

*

A waje wata mata ta ja shi gefe ta raɗa masa sunan Pam. Pam mai tarko ne, mazaunin ƙarshen bariki, kuma an ji shi makon jiya yana rantsuwa sai ya karya ƙafar yaron da ke kwance masa tarko. Hammajoda ya same shi yana gyaran waya a ƙofar gida.

"Oga, na faɗa, ba zan yi ƙarya ba," in ji Pam. "Zomo uku ya sake min, da makwarwa. Wa zai ji daɗi? Amma jiya tun safe ina Farin Gada ina lodin tumatir, sai da rana ya faɗi na dawo. Ka tambayi direba, ka tambayi kowa. Kuma yarinyana Roseline tare suke yawo kullum. Zan kashe abokin yarinyana saboda zomo?"

Hammajoda ya dubi ƙafafunsa da takalmansa na taya. Jar ƙasar kasuwa ce da ruwan ruɓaɓɓen tumatir, babu ɗigon farar laka. Ya ce a kira masa Roseline.

Tare suka zo da Asta, jikar Hammajoda ta wajen ɗansa, wadda a ranar lafiya ba ta barinsa ya zauna sai ta ja masa gemu ta ce ta fasa aurensa. Yau ko kallonsa ba ta iya yi. Su ukun nan, ita da Roseline da marigayin, su ne masu Kufai duk Asabar in babu makaranta.

"Amaryata, ba duka zan yi ba," ya ce a hankali. "Ku gaya mini jiya, tun daga farko."

Da ƙyar bakin ya buɗe, amma da ya buɗe sai suka riƙa karɓe wa juna. Sun bi ta bakin rafi sun tsinki gwandar daji. Sun ga jan biri guda bakwai a kan fa, ɗaya da ɗa a ciki. Sun leƙa ramin damo, ba ya nan. Sun shiga gidan sarki, wato da'irar da ta fi girma, Roseline ta yi niƙan ƙarya a ramin dutse, Shu'aibu ya zama sarki kamar kullum. Sun duba ƙwan makwarwa a gindin kerana, ba su taɓa ba, don ya hana.

"Daga nan fa?"

"Sai ya ce mu tafi gida," in ji Asta. "Wai zai je ya gano abin da ya kori remaye."

"Waɗanne remaye?"

"Na dutsen baya, bayan kerana. Da suna da yawa, Kaka, in rana ta fito sai su jeru suna shan hantsi, mun ma sa musu suna. Yau sati uku babu ko ɗaya. Ya ce ƙila mesa ce, mu mata za mu yi ihu." Sai hawaye ya zubo mata. "Ya ce kai ka gaya masa dabba ba ta tashi banza."

Shi ya gaya masa. A kan tabarmar da yake kwana ya gaya masa, yana jin daɗi wai ya sami magaji. Hammajoda ya tashi ya nufi Kufai.

*

Babu mai zuwa bayan kerana, don ruwanta in ya shiga ido sai makanta. Hammajoda ya zagaya har ya sami inda aka sare rassa biyu aka mayar da su kamar ba a taɓa ba. Ya sunkuya ya wuce.

Dutsen remaye na nan, da tsohon kashinsu a tsagar dutse, ya bushe ya yi fari. Babu sawun mesa, babu gashi, babu ƙashi. Rema, 'yar dabbar dutsen nan mai kama da zomo, na jure wa shaho da maciji, abin da ba ta jurewa shi ne dukan da take ji a ƙarƙashinta kullum. Ya bi gindin dutsen a hankali har ya ga ciyawar da ta bushe a tsakiyar ɗanya. Ya sa sanda ya ɗaga. Zana ce aka shimfiɗa a kan kara, aka watsa ƙasa da ciyawa a kai, gefe ɗaya ya ɓurma an yi masa sabon gyara. A ƙarƙashi rami ne, baƙi ƙirin, bakinsa bai fi faɗin tabarma ba.

Loto ke nan, ramin kuza na ɓoye. Tun da kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata, mutane da yawa sun koma haƙa da kansu ba takarda. Amma haƙa a Kufai ya fi rashin takarda muni, don tun kafuwar bariki aka yi alkawari da mutanen Badung cewa diga ba za ta taɓa wurin ba. Shi ya sa aka rufe shi haka, rufin da zai ɓoye rami daga idon babba, ba zai ɗauki nauyin yaro ba.

Ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Rana ta karkato daidai, ya hango farar laka a ƙasa, kamar gaba biyar, da wani ɗan abu mai baki biyu a kanta. Danƙon harbin Shu'aibu ne, Hammajoda da kansa ya sassaƙa masa icen. Sai idonsa ya dawo kan bangon ramin, kan 'yan ramukan da mai haƙa ke sarewa hagu da dama don sa ƙafa. Ya ƙirga na dama. Ya ƙirga na hagu. Ya sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ya yi kuskure. Bai yi ba.

Daga bakin ramin fa ne, ba ya riƙe sawu. Amma a ƙasa kaɗan akwai wani kwari mai damshi da ya nufi bariki, a nan ya sami abin da yake tsoro. Sawun mutum ɗaya mai ɗauke da nauyi, ya miƙe sak zuwa gida. Ya bi shi yana ƙirgawa, taki arba'in. A nan gwiwa ɗaya ta nutse a laka, ɗayar ƙafar a miƙe gefe, an daɗe a wurin. Daga nan sawun ya juya ya hau Kufai.

Hammajoda ya zauna a kan dutse. A can ƙasa hayaƙin bukkar Badung bai gama tashi ba. Zai iya mayar da zanar nan ya sauka ya ce sawu ya ɓace, ai jama'a sun tattake. Babu wanda zai ƙaryata shi. Jummare za ta rasa ɗa ta tsira da miji, tsoho ɗaya wanda dama ya kusa kabari zai biya. Ya juya maganar nan ta kowace fuska, wallahi ya so ta zauna, ta ƙi zama. Daga masallacin bariki aka kira la'asar.

*

Ya tarar da samari sun cika ƙofar mai unguwa da sanduna, Gwadabe a gabansu yana jan ƙafarsa ta hagu, wadda ta sandare tun ranar da ƙasa ta rufto masa a filin kamfani, aka sallame shi da ita.

"Ku ba ni rabin sa'a," in ji Hammajoda. "Jikana ne. In na kasa nuna muku wanda ya yi, ga ƙofa nan."

Aka fito da Badung a tsakiyar dattawa, hannuwansa a ɗaure da tsumma, aka kira Pam, aka ɗunguma zuwa dutse. Da suka nufi bayan kerana sai Gwadabe ya fara ja da baya, yana cewa wannan ɓata lokaci ne, tsafi a fili yake. Babu wanda ya kula, sai surukinsa. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Hammajoda ya yaye zanar. Jama'a suka yi salati.

"A nan ya faɗa," ya ce. "Ga farar lakar da muka wanke a jikinsa. Wanda ya haƙa ramin nan shi ya fito da shi ya kai shi gindin dutse. Danƙonsa yana ƙasa. Badung, za ka iya sauka?"

Tsohon ya miƙa hannuwansa masu karkarwa. Wani ya yi tsaki, ya ce wannan ko rijiyar gaba ɗaya ba zai shiga ba.

"To Pam ne!" wani ya ɗaga murya. "Tsohon ne ya sa shi!"

"Pam, sauka," in ji Hammajoda.

Pam ƙato ne mai ƙafa lafiya, ya kuma taɓa yin loto. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu ya shiga. Taki uku ya yi ya tsaya, ƙafarsa ta hagu na lalube a bango. Ya sake gwadawa, ya zame, sai da mutum huɗu suka riƙe igiya.

"Oga, wannan mataki ba daidai ba ne," ya ce da aka jawo shi yana haki. "Na dama yana nesa nesa, na hagu kuma an jera shi kusa kusa, kuma ba a inda ƙafa zai nema ba. Wanda ya sare shi bai iya aiki ba."

"Ya iya," in ji Hammajoda. "Ku da kuka yi kuza ku gaya wa yaran nan. Wa ke sare wa mai loto matakala?"

Wani dattijo ya ce, "Kowa da kansa. Daidai ƙafarsa."

Ya faɗa ne kawai, sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Tsofaffin 'yan kuza suka sunkuyar da kai, don sun riga samari ganewa.

Hammajoda ya juya ga surukinsa. "Gwadabe, kayan ɗa uba ke ɗaukowa."

"Baffa, ƙafata..."

"Na san ƙafarka."

Suka dubi juna. Shekara goma sha biyu Gwadabe bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba sai yau. Aka miƙa masa igiya, ya ture ta. Ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafar dama, ya sauke sandararriyar. Bai duba ba, bai laluba ba. Gurgun da ke shan wahalar hawa dokin ƙofar masallaci ya sauka gaba biyar cikin duhu kamar mai shiga ɗakinsa, jama'a na jin ƙafarsa na faɗawa kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya.

Ya kai ƙasa. Sai wata murya ta taso daga ramin, ba ta yi kama da ta mutum ba.

"Shu'aibu! Shu'aibu!"

Ɗan fari ne, tun ranar suna babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin ubansa, kullum sai dai "yaron nan". Mata suka fashe da kuka.

Da ya fito, danƙon na hannunsa. Bai jira tambaya ba. Ya ce jiya da la'asar ya zo aiki ya ga zana a ɓurme. Ya same shi da sauran numfashi, ya goyo shi ya hau, ya nufi gida da gudu iyakar gudun gurgu. A hanya ya ji jikin ya saki.

"Taki arba'in," in ji Hammajoda. "Na ga inda ka durƙusa. Har nan kai uba ne, Gwadabe, ƙaddara ce ta same ka, da kowa ya taya ka kuka. Me ya juyo da kai?"

"Me zan ce mata, Baffa? In ce ramina ne?"

"Sai ka ce na Badung ne. Ka goge masa fuska, ka juya shi gabas, ka jera masa takalma, duk ka yi masa abin da ya dace. Sannan ka kwantar da shi a kan jinin kaza, ka zo kana neman a kashe tsoho."

Samarin da suka hau da sanduna suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa na ɓoye tasa a bayansa. Babu wanda ya ce wa Badung yi haƙuri. Tsohon ya kwance tsumman da aka ɗaure masa hannu da shi, ya leƙa ramin da aka haƙa a tsakar gidan kakanninsa, ya dubi hayaƙin da ke ƙasa.

"Accan da na ajiye na iri ne," ya ce, ba da kowa yake ba. Ya juya ya bi wata hanya da ba ta bariki ba.

*

Zauren da aka kulle Badung da safe, a nan aka kulle Gwadabe kafin magariba. Hammajoda ya tafi gidan 'yarsa da danƙon a aljihu. Labari ya riga shi. Jummare na tsaye a ƙofar gida, mata masu zaman makoki sun yi cirko-cirko a bayanta. Idonta a bushe yake.

Ya miƙa mata danƙon. Ba ta karɓa ba.

"Ka tabbata, Baffa?"

"Shi ya faɗa da bakinsa."

"Da ba ka tona ba, da bai faɗa ba."

"Da sun kashe Badung, Jummare."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin abin da ba za ta saya ba. "Na sani. Gaskiya ka yi, kowa zai ce gaskiya ka yi." Ta gyara mayafinta. "Tun ina yarinya kake tafiya ka nemo wa mutane shanunsu ka mayar musu, su yi ta sa maka albarka. Da safe na ba ka ɗa da miji, Baffa. Ni me ka mayar mini?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta shige, matan suka buɗa mata hanya.

Hammajoda ya tsaya da danƙo a hannu. Ido ya saba da aikinsa, ko mai shi bai sa shi ba, sai ya sauka ƙasa. An share tsakar gidan saboda masu gaisuwa, sawunta ya fito sarai a kan rairayi, tun daga ƙofa har ɗaki. Ya bi shi da kallo taki bayan taki, yana neman inda ta ɗan tsaya, ko inda dunduniya ta karkata kamar za ta waiwayo. Babu.